Wutarmu A Hannunmu: Jawabin Kwamitin Wuta A Babban Taron Ƙungiya



Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Shugaban taro. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin sana'a, na goro da na kara da na fawa. Iyayenmu mata da ke zaune ta wancan ɓangare. Matasanmu. Da kuma maƙwabtanmu 'yan ƙasa da suka amsa gayyata. Muna yi wa kowa barka da zuwa, musamman 'yan'uwa da suka baro ƙauyukan kurmi tun da asuba a kan babur don kada a yi babu su. Allah ya saka da alheri.

Bayan haka, kamar yadda kowa ya sani, a taron da ya gabata gardama ta tashi a kan kuɗin da ke cikin asusun ƙungiya. Wasu suka ce a sayi babban janareto na dizal a kafa a zangonmu na ƙauye, inda ake tara goro kafin a ɗaure huhu a kawo Shagamu, kowa ya ja waya ya riƙa biya. Wasu suka ce a'a, zamanin janareto ya wuce, sola za a yi. Da magana ta ƙi ƙarewa sai aka ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya bincika ya kawo bayani. To ga mu mun dawo. Amma tun da farko muna neman afuwa, domin amsar da muka zo da ita ba ita ce wadda ko wane ɓangare yake jira ba. Mu a ganinmu sola ta fi, wannan ba shakka. Sai dai abin da ya fi sola da janareto muhimmanci shi ne, wa ke da abin, wa ke riƙe da littafin kuɗinsa, kuma wa za a kama in ya mutu.

Bari mu fara da inda muke. Har gobe idan ƙwan lantarki ya kama a Sabo yaranmu sukan ɗauki ihun Nepa, alhali kuwa an shafe wannan suna tun 2005, kuma tun watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Mu na cikin gari ke nan, da muke ganin wutar jefi-jefi. Na ƙauye kuwa wasunsu ko falwaya ba su taɓa gani a ƙofar gidansu ba. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 85 ne ba su da wutar layi sam, kuma mafi yawansu mutanen karkara ne. Saboda haka ɗan'uwanmu da ke sayen goro a ƙauyen Remo ko na Ijabu, da danginsa da ya baro a ƙauyen Kano ko na Sakkwato, duhu ɗaya suke kwana a ciki.

Abin da muka riƙe shekara da shekaru shi ne ɗan ƙaramin janareton nan. Mai shayi da nasa, mai cajin waya da nasa, mai aski da nasa, tela da nasa. Da magariba ta yi zango sai ya koma kamar tasha, ba ka jin maganar na kusa da kai. Hayaƙinsa kuwa mun san abin da yake yi wa mutanen da suka shigar da shi ɗaki suka rufe ƙofa don tsoron ɓarawo ko don ruwan sama. Akan wayi gari a tarar da gida guda ba mai motsi. Da can muna haƙuri da shi ne saboda mai yana da sauƙi. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma sai da ta wuce naira 1,000.

Jama'a, mu yi ɗan lissafi, na misali kawai, kowa ya auna da nasa aljihun. Mu ƙaddara rumfuna da ɗakuna 60 ne ke tada inji a zango, kowanne yana shan lita 2 a dare, mu sa lita a naira 900. Naira 108,000 ke nan a dare ɗaya. A wata miliyan 3 da dubu 240. A shekara ya haura miliyan 39. Ba mu sa kuɗin baƙin mai ba, ba mu sa na mai gyara ba, ba mu sa filogin da ake canzawa ba. Kuma duk wannan kuɗi ko sisi ba ya kwana a zango. Da safe mu samo shi a wajen goro da shanu, da yamma mu kai shi gidan mai. Wani abin kuma da mutane ba su lura da shi ba: irin wannan ƙaramin inji, lita guda ba ta ba ka yunit biyu na wuta. Wato yunit ɗaya yana tsaya maka sama da naira 450. A watan Afrilu na 2024 da aka kai wa masu rukunin A kuɗin yunit naira 225, ƙasa duka ta ɗauki kuka. Mu kuwa talakawa muna biyan ninkin wannan kullum dare, ba tare da mun sani ba, don ba a rubuce yake zuwa ba.

Babban janareto na dizal zai rage hayaniya, gaskiya ne, kuma ya fi ƙananan tattalin mai. Amma ramin nan dai shi ne, kuɗinmu zai ci gaba da zurarewa, kuma duk ranar da dizal ya tashi sai mun taru a nan mun yi faɗa a kan ƙarin kuɗi. Sola tsadarta a farko take. In ka wuce nan, rana ba ta aiko maka da bil.

To shin doka ta yarda jama'a su yi wa kansu wuta su sayar wa juna? E, ta yarda. Hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki, ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshin wuta a 2016, ta sabunta su a 2023. A ƙa'idojin na 2023, ƙaramar tasha ita ce wadda ba ta wuce megawat 1 ba, mai wayoyinta na kanta. Idan wutar da ake rabawa ba ta wuce kilowat 100 ba, kuma ba a haɗe take da layin kamfani ba, rajista ta isa. In ta wuce haka sai an nemi izini. Akwai kuma tanadin diyya ga mai tasha idan wata rana babban layi ya iso garin. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki wadda ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, har jihohi irin su Inugu da Ondo da Ekiti suka karɓi nasu a 2024. Batun tallafi kuwa, hukumar samar da wuta a karkara, wato REA, ita ce ƙofa, kuma a watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin waɗannan ayyuka a Nijeriya. Sai dai kada wani ya fara lasar baki. Wannan kuɗi ba a raba shi a hannu. Yawanci kamfanonin da suka cika sharuɗɗa ake ba, gwargwadon gidajen da suka haɗa wa wuta. Duk wanda ya zo muku da fom yana cewa ku biya ya saka sunanku a tallafin sola, ku riƙe aljihunku.

Kuma ba sai mun tafi nesa neman misali ba, a nan Jihar Ogun akwai. A ƙauyen Gbamu-Gbamu da ke ƙaramar hukumar Ijabu ta Gabas, garin manoman koko, kamfanin Rubitec ya buɗe tashar sola mai kilowat 85 a 2018, da tallafin wani shiri na Jamus da Tarayyar Turai. A Mokoloki kuma, cikin ƙaramar hukumar Obafemi Owode, an buɗe wata mai kilowat 100 a 2020. Ita wannan abin lura a cikinta shi ne, garin yana ƙarƙashin layin kamfanin rarraba wuta na Badun, sai aka zauna aka yi yarjejeniya ta ɓangare uku, da mutanen gari, da kamfanin rarrabawa, da kamfanin Nayo wanda ya kafa tashar. Kowa da mitarsa, ka sayi wuta kamar yadda kake sayen katin waya.

Amma fa a lura, waɗannan tashoshi kamfani ne ke gudanar da su. Mutanen gari sun ba da fili, sun sa hannu, suna saye. Wannan ba laifi ba ne, kuma ga garin da ba ya da haɗin kai wataƙila shi ya fi, domin ɗan kasuwa ba zai bar jarinsa ya lalace ba. Sai dai ribar ba a garin take tsayawa ba. Mu tambayar da muka yi wa kanmu ita ce, shin akwai inda talakawa suka mallaki abin da kansu kuma ya ɗore?

Akwai. A Amurka, a 1935, gona ɗaya ce cikin goma take da lantarki, domin kamfanoni sun ce jan waya zuwa karkara ba riba. Sai manoma suka kafa ƙungiyoyin gama-kai, gwamnati ta ba su rance, suka kafa falwayoyinsu. Ɗaruruwan waɗannan ƙungiyoyi suna nan har yau, kuma mai shan wutar shi ne mai kamfanin. Wanda ya fi kama da mu kuwa wani ɗan tsibiri ne a ƙasar Sikotlan, ana ce masa Eigg, mutanensa ba su fi ɗari da 'yan kai ba. Su ma da janareto suke kwana. A 1997 suka haɗa kuɗi suka sayi tsibirin daga hannun mai shi, a 2008 kuma suka kunna wutarsu ta ruwa da iska da rana. Abin da ya burge mu ba injinan ba ne. Dokar da suka yi wa kansu ce: ko wane gida kilowat 5 ne iyakarsa a lokaci guda, wurin sana'a kilowat 10. Ka wuce, wutarka ta ɗauke, kai kaɗai, sai an zo an mayar maka. Mai kuɗi da talaka duk haka. Kuma 'yan tsibirin ne aka koya wa gyara. Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah, idan mitar Alhaji ta ɗauke don ya jona abin dafa ruwa da dutsen guga a lokaci guda, akwai yaron da zai iya ce masa ranka ya daɗe sai ka biya tara? In babu, to mu ajiye maganar sola tun yanzu, mu huta.

Muna faɗin haka ne don idonmu ya gani. Ku duba fitilun sola na kan titi da 'yan siyasa suke kafawa gab da zaɓe, a nan da can gida. Shekara ɗaya, biyu, sai ka ga sanda tsaye ba haske, an kwance batir, farantin ya yi ƙura. Haka rijiyoyin burtsatse masu famfon sola. Ba wai rana ce ta daina fitowa ba. Ba mai shi ne. Ba wanda aka ce wa kai za ka goge, ba wanda ya ajiye kuɗin gyara, ba wanda ransa zai ɓaci in an sace.

A nan za mu ɗan daɗe, don nan ne kuɗi yake mutuwa. Tashar sola abu huɗu ce a taƙaice: faranti mai karɓar rana, inbata mai juya wutar ta zama irin ta gida, batir mai ajiye ta don dare, sai wayoyi da mitoci. Faranti mai kyau yana shekara 25 yana aiki. Batir kuwa ba haka ba. Na ruwa, irin mai dalma, a zafin ƙasar nan shekara 2 zuwa 4 ya gaji, in ana zuƙe shi ƙarƙaf ma ba ya kaiwa. Na litiyam yana iya shekara 10, amma kuɗinsa ba wasa ba. Saboda haka ranar da aka kunna tasha, ranar ce aka fara cin bashin sabon batir. Idan muka sa kuɗin wuta da arha don a yaba mana, muka raba abin da ya shigo a matsayin riba, to shekarar da batir ya mutu za mu dawo wannan zaure muna kallon juna, a fara cewa ma'aji ya ci. Dole cikin ko wace naira da aka karɓa a cire kason batir a kai wani asusu daban, wanda ba a taɓa shi don biki, ba a taɓa shi don jana'iza, ba a ranta wa kowa ko da zai dawo da shi gobe da safe.

Sannan 'yan'uwa su sani ranar Shagamu ba ranar Sakkwato ba ce. A can arewa faranti yakan sami kamar awa 6 na cikakkiyar rana, a nan kurmi 4 ne da 'yan kai, cikin Yuli da Agusta kuwa sai a kwana uku hadari bai buɗe ba. Don haka wanda ya ga sola a gidan ƙaninsa a Gusau ya ce a kawo mana irinta daidai, zai sha mamaki da damina. Faranti a nan sai an ƙara yawa, kuma ba abin kunya ba ne a ajiye janareto guda ɗaya na ko-ta-kwana a gefen tasha. Masu son dizal kun ga ba a kore ku duka ba.

Wani abu kuma da ya juya mana tunani. Mu duka da muka ji wuta, fitila da fanka da talabijin na dare muke hange. Ashe wutar dare ita ce mai tsada, don sai ta bi ta batir. Wutar tsakar rana kuwa daga faranti take zuwa kai tsaye, in ba a sha ta ba asara ce. Tashar da ba ta da masu aiki da rana ba ta iya riƙe kanta. To su wa ke aiki da rana? Mai injin markaɗe da niƙa. Mai walda. Tela. Famfon da zai cika tankin kara don shayar da shanu da wankin kwata. Mahauci da zai sa naman da ya kwana a firji maimakon ya karyar da shi da yamma. Sai kuma iyayenmu mata, waɗanda ba su yi magana a taron da ya wuce ba, don ba wanda ya tambaye su. Mai ƙanƙara, mai zoɓo, mai kunun aya, mai ɗinki a cikin gida, su ne za su sha wutar ƙarfe goma zuwa la'asar, kuma ba mu taɓa jin adashin mata ya watse kamar yadda namu yake watsewa ba. A Owerri wani kamfani mai suna ColdHubs ya fara kafa ɗakunan sanyi na sola a kasuwanni, ana biya a kan ko wane kwando a kwana, masu tumatir da tattasai suna ajiye kaya. Duk wanda ya taɓa ganin motar gwari ta iso daga arewa rabin kayan ya narke ya san darajar wannan. Abin da muke so a gane shi ne, injin markaɗen da ke shan dizal sai an canza masa mota mai lantarki, kuma irin wannan mota tana fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi. Dole a faɗa wa injiniya tun kafin ya auna, ba bayan an gama ba.

Kafin mu bar batun batir, akwai gargaɗi ga matasanmu masu sana'ar gwangwan. Ogijo ga ta nan kusa da mu. A 2025 rahotanni suka fito a jaridun duniya cewa an sami gubar dalma a jinin mutanen da ke zaune kusa da masana'antun narka tsofaffin batura a can. Mu kuwa ba baƙin wannan guba ba ne, mun tuna Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin ƙasar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Kada a fasa tsohon batir a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa inda yara ke wasa. In mun yi tasha, sai a rubuta cikin yarjejeniya cewa wanda ya sayar mana da batir shi zai karɓi tsohon.

Yanzu sai maganar da kowa yake yi a ɗaki amma ba a yi a taro. Ranka ya daɗe, a yi mana izini mu faɗe ta. Da yawa daga cikinmu ba kuɗin ne ya dame su ba. Cewa suke, ya za a yi baƙo ya binne miliyoyi a ƙasar da ba tasa ba? Janareto in ta ɓaci ka ɗora a mota. Falwaya fa? Wannan tsoro ba na banza ba ne. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka ga abin da ya faru a garin nan cikin Yulin 1999, kuma duk mun ji na kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairun 2021. Shi ya sa mutum zai shekara 40 a nan, ya haifi 'ya'ya da jikoki masu jin Yarbanci fiye da Hausa, amma har yanzu yana kwana kamar mai jiran motar asuba. Gidan kirki a can gida yake ginawa, inda yake kwana goma a shekara.

Mu dai ga abin da muka gani. Tashar da aka ce ta Hausawa ce zalla, aka kewaye ta da waya, zango yana haske ƙauyen 'yan ƙasa yana duhu, wannan tsokana ce, kuma ita za a fara jifa ranar da rai ya ɓaci. Amma wayar da ta bi ta ƙofar mai goro ta wuce ta ƙofar mai garin rogo, wadda firjin asibitin ƙauye yake kanta, wadda ɗan Bale yake da hannun jari a cikinta kamar yadda ɗan Sarkin Fawa yake da shi, wa zai sa mata wuta? Su ma fa duhun nan suke ciki, kuma su ma sun gaji da haɗa kuɗin taransifoma a ƙungiyoyinsu na raya unguwa. Ga shi kuma filin nasu ne. Ko ta fuskar ciniki ma, yawan masu saye shi ke sauko da kuɗin yunit. Saboda haka shawararmu ita ce a yi da su tun daga tushe, kada a gama a kira su buɗewa. Fili kuma a yi shi a rubuce, da shekarunsa, da sa hannun Bale da na dangin da ke da ƙasar, da lauya, da safiyo. Maganar baka ba ta riƙe fili, musamman in wanda aka yi da shi ya rasu 'ya'ya suka taso.

Wani zai ce anya za mu iya riƙon amana irin wannan? Mu kuwa da amana muke ci. Kakanninmu sun yi ta tura goro daga nan zuwa Kano, shanu suna gangarowa, bashi na tafiya bashi na dawowa, ba takarda ba kotu, sai sunan maigida da na dillali. Wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama kasuwa. Wannan jari ne da kamfani ba ya da shi. Amma mu faɗi gaskiya, wannan tsari mutum ɗaya yake dogara da shi, kuma kunya ce take riƙe da shi. Kunyar nan kuwa ita ce ke hana mu tambayi babba lissafi. Kuɗin jama'a ba ya son kunya. Shi ya sa muke cewa a sa mita mai kati a ko wane ɗaki, har masallaci, in ya so masu hali su riƙa saya masa. Mita ba ta san suruki ba.

Abin da kwamiti yake roƙon wannan taro ya amince da shi ga shi. Kada a taɓa kuɗin asusu yanzu, ko don janareto ko don sola. A yi rajistar ƙungiyar gama-kai ta daban a ma'aikatar jiha, doka mutum 10 take nema a fara, kuma ƙofarta a buɗe ga duk mazaunin wurin, Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo, mace ko namiji. A shiga da hannun jari, ba da bashin ruwa ba, riba tare asara tare, yadda malamanmu ba za su sami abin cewa ba. A sa wa hannun jari ƙaramin kuɗi yadda mai tallan ƙosai za ta iya sayen guda, a kuma sa iyakar abin da mutum ɗaya zai mallaka. Wajen zaɓe kuwa mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan jarinsa. Mun san wannan ba zai yi wa wasu daɗi ba. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace, ɗaya ɗan ƙasa, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku, da Hausa da Yarbanci.

Kuma kada mu fara da babba. A fara da famfon kara, da injin markaɗe, da rumfar caji, da layin shaguna guda. In mun shekara muna karɓar kuɗi, asusun batir yana cika, ba wanda ya yi satar jona waya, sai a ja zuwa gidaje, a lokacin ma muna da littafin da za mu nuna wa kamfani ko hukuma mu yi ciniki da su ido da ido. Wanda zai kafa mana kuwa a ɗaure shi da yarjejeniyar gyara ta shekaru, a kuma sa masa sharaɗin ya koya wa yaranmu huɗu aikin, biyu namu biyu na 'yan ƙasa, a riƙa biyansu albashi daga kuɗin wuta. Muna da samari da suka gama makarantar koyon sana'a suna acaɓa.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya cin ko kwabo. Daga ranar Asabar, har mako biyu, muna roƙon duk mai tada inji a zango ya riƙa rubuta litar da ya saya kullum, da awan da ya kunna, da abin da ya jona. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami, za mu karanta. Kada a rage don tsoron haraji, kada a ƙara don neman suna, domin da wannan lissafi ne injiniya zai auna girman tashar, in kun yi ƙarya kanku kuka yi wa. Sannan tunda gani ya kori ji, muna neman izini a ɗauki mota ɗaya a kai wakilai Mokoloki da Gbamu-Gbamu, su zauna da masu shaguna da matan garin su tambaye su nawa suke biya, sau nawa take ɗaukewa, me suka yi nadama a kai. Kujera 14 ce a motar. Mun ware huɗu don mata, uku don maƙwabtanmu, sauran a raba tsakanin 'yan goro da kara da matasa.

Ranka ya daɗe, batun zuwa wajen Bale kuwa ya fi ƙarfin kwamiti, wannan sai kai da dattawa. Magatakarda yana bakin ƙofa da littafi, masu inji su ba da suna kafin su fita. Shugaban taro, mun mayar maka da magana, in akwai mai tambaya muna nan.